Maganin Mutum Ɗaya, Bakin Mutum Biyu

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta.

Sunana Idi, mutumin Gumel, direban tankar ruwa. Shekaruna arba'in da bakwai ko da takwas, gyatumata ce ta san daidai, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya. Ban yi boko ba sai ajin yaƙi da jahilci na rani biyu, saboda haka wanda ya ga rubutuna a karkace ya yi haƙuri. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne na gaji da maimaitawa. Duk baƙon da ya sauka Batha, unguwar da mutanenmu suke taruwa a Riyad, daga gida sai a nuna masa ni a ce, "Ga Idi Bajamushe can, je ka ya ba ka labarin tarinsa." To, ga shi a takarda. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni a bar ni in huta.

Na bar gida shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Bayan na sauke farali, Allah ya haɗa ni da wani kamfanin Jamusawa masu shimfiɗa bututun ruwa a Riyad. Suka duba lasisina, suka yi mini iƙama, wato takardar zama. Garin tun lokacin har yau kamar an tona gidan tururuwa yake, ko'ina rami, ko'ina siminti. Sansaninmu yana can bayan unguwar Malaz, ɗakunan katako a jere, nasu daban namu daban.

Zama da Jamusawa sai mai haƙuri. Ka gaida mutum, kana shirin tambayar kwanan iyali, ya riga ya ba ka baya. Ya buɗe abincinsa a gabanka ya cinye, ko "bisimilla" ba zai ce maka ba. In an ce ƙarfe bakwai, bakwai da minti biyu latti ne. Shugaban garejinmu wani dattijo ne mai suna Harman, dogo, jajir, kai ba gashi. A bangon gareji ya zana wa kowace sifana surarta da fenti, in ka ɗauki ɗaya ba ka mayar ba, gurbinta ne zai kai ƙararka. A bayan idonsa Mai Agogo muke ce masa. Larabcinsa gurgu, nawa gurgu, amma guragu biyu ba sa rasa yadda za su fahimci juna. Shekara uku ina ƙarƙashinsa bai taɓa tambayata ko ina da mata ba. Na ɗauka mutumin ba shi da zuciya, sai dai agogo a gurbinta.

Hutuna ɗaya ne, Juma'a. In an sauko masallaci sai in wuce Batha wajen Yaya Haladu, yayan matata Hajara, uwa ɗaya uba ɗaya. Tela ne, yana da ɗan shago a wani lungu bayan masu sayar da barguna, nan yake ɗinki, nan yake kwana. Shi ya ba ni auren Hajara bayan rasuwar mahaifinsu, don haka a wajena ya fi gaban yaya, uba ne. Ya zo hajji shekara biyu kafin ni bai koma ba, kuma ba shi da iƙama. Ku riƙe wannan, don nan ne duk wahalar ta fito.

Tarin ya fara mini ƙasa-ƙasa. Na ce ƙurar siminti ce. Mako na biyu na ce na'urar sanyin da suka sa mana a ɗaki ce, na toshe ta da tsumma. Mako na uku ina tashi da safe rigata sharkaf da gumi kamar na yi noma. Abinci ya fita daga raina. Na huda wa bel ɗina sabon rami da ƙusa, bayan kwana goma na sake huda wani. A Batha kowa likita ne. Wannan ya ce habbatussauda da zuma, wancan ya ce nonon raƙumi da ɗuminsa, wani wanzami Badamagare ya yi mini ƙaho shida a baya, har yau ga tabon. Duk na yi. Zumar dai ta yi daɗi, iyakar abin da zan ce ke nan.

Wata safiya ina duba man tanka sai tari ya turnuƙe ni, na tofa a hankici, na ga ja. Na dunƙule na cusa a aljihu. Ashe Harman yana tsaye bayana.

"Idris, kawo."

"Ba komai, Maigida. Da sauƙi."

"Mako huɗu ina jin injinka. Ba daidai yake ba. Kawo."

Na miƙa masa. Ya duba, bai ce sannu ba. Ya zare mukullin tanka daga hannuna ya rataye a gurbinsa, ya ce in shiga motarsa.

Likitan sansani, shi ma Bajamushe, ya saurari ƙirjina ya rubuta takarda zuwa asibitin ƙirji na gwamnati. Wanda zai je can ya tafi da ruwa da haƙuri. Mun isa da hantsi, layi ya fita har bakin titi, Yamalawa, Sudan, Pakistan, kowa na tari cikin harshensa. Harman ya tsaya tare da ni a layin nan har azahar, ga rana tana dukan ƙoƙon kansa. Wani ma'aikaci ya ga Bature ya ce mu zagayo ta ƙofar gefe. Ni har na ɗaga ƙafa. Harman ya ce, "A'a. Akwai mutane gabanmu." Wallahi a ranar na zage shi a zuci da Hausa mai kyau.

Aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kaki kwana uku a jere. Likitan wani Bamisire ne mai tabarau, ya ɗaga hoton ya nuna mini wani farin tabo a huhun dama, ya ce tarin fuka ne, wanda wasu ke ce wa tibi. Aka ba ni gado.

Mako shida na yi a kwance. Allura kowace safiya, har mazaunaina suka zama kamar allon da yara suka yi wa zane. A nan ne zan yi ƙorafi, kuma ba zan janye ba. Jamusawa goma sha huɗu nake kai wa ruwa, ko ɗaya bai leƙo ni ba a makon farko. Mutanenmu kuwa ranar Juma'a a-kori-kura guda suka cika, da fura, da dabino, da dambun nama, suka zauna kan gadona da gadon maƙwabcina har nas ta kore su da tsintsiya. Yaya Haladu kaɗai bai zo ba, don ƙofar asibiti akwai 'yan sanda. Ya aiko mini da sabuwar taguwa da ya ɗinka daidai ramar da na yi.

Ran Lahadi sai ga direban ofis da 'yar takarda: Harman zai zo Talata ƙarfe huɗu, in ban gaji ba. Ka ji fa! Dubiya da neman izini. Talata ƙarfe huɗu daidai ya shigo, ya zauna nesa da ni, ya ba ni labarin birkin tankata, ya ce an ba wani Basudane ita riƙon ƙwarya yana ci mata kuloci. Minti goma sha biyar ya miƙe. Na kasa daurewa na ce, "Maigida, a garinku mara lafiya ba shi da 'yan'uwa ne?"

Ya ce, "A garinmu in kana son mara lafiya, sai ka bar shi ya yi barci."

Na ce, "A garinmu in aka bar ka ka yi barci, an gama da kai ke nan."

Ranar na fara ganin haƙoransa. Kafin ya fita ya ajiye wata 'yar tukunya mai murfi, naɗe da tawul. Ya ce matarsa Ilsa ce ta aiko, romon kaza. Ya ga ina kallonta a ɗarare, ya ce, "Sabuwa ce. Da kanta ta saye ta a Batha. Ba abin da ya taɓa shiga ciki sai kazar da Musulmi ya yanka." Na juya tukunyar, sai ga sunana an rubuta da jan fenti a gindinta, irin yadda yake yi wa sifanoninsa. Romon ba gishiri, ba yaji, ba komai, kamar an wanke kaza an ba ni ruwan. Na shanye tas. Kowace Talata tukunyar nan sai ta zo, kuma har aka sallame ni ba ta koyi yaji ba.

Ranar sallama Bamisiren ya ba ni ƙwayoyi na wata guda, farare da wasu jajaye dogaye. Ya ce kullum da safe kafin in ci komai, shekara guda cur, kuma duk wata in dawo a duba ni a ƙaro. Ya ce jajayen za su mai da fitsarina ja, kada in tsorata. Sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini: "Ya hajji, ciwon nan ba ya mutuwa da wuri, barci yake yi. In ka yi wasa da magani zai farka, kuma zai farka ya riga ya san maganin." Na ce to. Mu da "to" ai ba ma rowa.

Na koma aiki, na fara mai da jiki. Juma'ar farko na tafi Batha. Tun daga bakin lungu, kafin in ji ƙarar keken ɗinki, na ji tarin. Wanda ya yi mako shida a ɗakin masu fuka ba ya ɓatan wannan sauti. Na tarar da Yaya Haladu ya zabge, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Yaya, tun yaushe?"

"Ƙurar yadi ce. Zauna ka ci abinci."

"Yaya, asibiti za mu."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Da wace takardar? Su kwantar da ni yau, gobe su ɗaure ni a jirgi? Yara bakwai ke ci daga keken nan, Idi. Biyu na marigayi ƙanenmu ne. Bar maganar."

Bai roƙe ni komai ba, wannan ku shaida. Ni ne na koma sansani na zauna ina kallon kwalbar maganina. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa cin abu a gaban mai yunwa ban gutsura masa ba. Goro ɗaya ma rabawa ake yi. Ta yaya zan haɗiye lafiya ni kaɗai, mutumin da ya ba ni mata yana tofar da huhunsa a kan yadin mutane? Na yi lissafina irin na direba: in mai ya yi kaɗan, motoci biyu sai su raba, kowa ya tafi a hankali. Na kasa ƙwayoyin gida biyu. Yau in sha, gobe in huta. Shi ma haka.

Ya ƙi karɓa sai da na ce likita ne ya ba ni da yawa. Allah ya yafe mini wannan ƙarya. Na manta kuma ban gaya masa zancen fitsari ba. Juma'a mai zuwa na same shi ya tara mutum uku yana ba su wasiyya, wai jini ya ɓalle masa ta ƙasa, keken ɗinki a ba babban ɗansa. Da na yi bayani, tsohon nan ya jefe ni da almakashi, Allah ya sa ta ƙotar ce ta same ni.

Wata biyu muna haka, kuma da farko kamar dabarata ta ci. Tarinsa ya lafa, nawa bai dawo ba. A wata na uku gumin ya dawo. Bel ɗina ya koma ramin ƙusa. Ranar awo Harman ne ya kai ni, don ya rubuta ranakun a kalandar gareji. Aka ba ni kwalba in yi fitsari. Jiya da yau duk ban sha ba, don rabona ya ƙare kwana biyu kafin lokaci. Bamisiren ya ɗaga kwalbar a hasken taga, fari tas kamar ruwan tankata. Aka sake hoto. Tabon ya ƙaru.

"Kana shan magani?"

"Ina sha, likita."

"Kullum?"

Na dubi ƙasa. Ƙarya ɗaya na iya, ta biyu ta maƙale.

A mota Harman ya yi ta tuƙi har muka wuce tsohon filin tsere na Malaz. Sai ya gangara gefen titi ya kashe inji.

"Idris. Kwalbarka tana ƙarewa, ina gani. Maganin ba ya jikinka. Ba ka zubarwa, don kai ko tsohuwar ƙusa ba ka zubarwa. To, wa yake sha?"

Nan ne fa hankalina ya tashi. Na san mutumin nan. Mutumin da ya ƙi tsallake layi a rana, mutumin da ya taɓa kai kansa ƙara ofis don ya fasa madubin mota. In na ce Haladu, na ce ba iƙama, ai kamar na kai shi hannun hukuma da kaina. In na yi shiru kuwa, likita ya gaya mini inda hanyar ta nufa. Na ce, "Ba kowa."

Ya ɓalle maɓallan rigarsa a bakin titi, ya juya mini baya. Wani tabo ne tun daga kafaɗa har haƙarƙari, wajen ya lotsa kamar ƙofar motar da aka buga.

"Ni ma fuka ce, ina saurayi, bayan yaƙinmu. Shekara ɗaya da rabi a asibiti kan dutse. Mu goma sha biyu a ɗaki. Waɗanda suka ji sauƙi suka gudu gida da wuri, na ga dawowarsu. Biyu da hannuna na ɗauki makararsu." Ya mai da rigar. "Rabin magani ba rabin lafiya ba ne, Idris. Kai za ka mutu, shi ma zai mutu, sai dai a hankali."

Duk da haka ban faɗa ba. Ya karɓe mukullin tanka. Kwana uku ina zaune a ƙofar gareji ina wanke sifanoni, yana wucewa ta gabana kamar bai san ni ba. Ran na huɗu na hau bas na tafi Batha na zayyana wa Yaya Haladu komai, har da ƙaryar da na yi masa. Ya daɗe yana murza zare a yatsa.

"Wato naka kake ba ni."

"Eh, Yaya."

"Kai dai sakarai ne tun kana yaro. Ni na ba ka Hajara, kuma ni zan mai da ta gwauruwa da bakina? Je ka gaya wa Baturen. In jirgi ne, jirgi. Wanda ya raba arziki bai manta da yaran ba."

Washegari na tsaya gaban Harman na ce, "Zan faɗa, amma ka yi mini alkawari ba za ka kai shi ga 'yan sanda ba."

Ya ce, "In ɗan sanda ya tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba." Ya ci gaba, "Amma ni makanike ne. Shekara tara a ƙasar nan ba wanda ya taɓa tambayata komai sai mota. Kuma ba na kai labarin da ba a tambaye ni ba. Ina yake?"

Ranar Juma'a, ranar hutunsa, ya zo Batha tare da likitan sansani. Ku zo ku ga lungu. Da aka ga Turawa biyu, masu shaguna uku suka ja ƙofa, wani mai shayi ya bar butarsa a wuta ya ɓace. Harman ya sunkuya ya shiga shagon, kansa na taɓa rufi. Yaya Haladu ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya fara gaisuwa tiryan-tiryan: gajiya, iyali, sanyi, aiki. Na zuba ido in ga yadda za a ƙare. Harman ya tsaya ya amsa kowace ɗaya da "Alhamdu lillahi", har ta ƙarshe. Ashe ya iya, rowa yake mana.

Likita na sauraron ƙirji, shi kuwa Harman idonsa na kan wata taga da aka toshe da katako. Ya ce, "Wa ya rufe wannan?"

Yaya ya ce, "Gaya masa saboda ƙura ne. Da idon mutane."

Harman ya fita ya ɗauko guduma a mota, ya ɓamɓare katakon, iska ta shigo ta watsa ƙyallaye. Sannan ya ɗauki kofin Yaya da kwanonsa ya ɗiga musu jan fenti, ya ce daga yau ba mai ci ko sha a cikinsu sai shi. Wannan ta fi yi wa Yaya ciwo fiye da allura. Ya ce da ni da Hausa, "Yanzu ni kuturu ne?" Na ce, "Yaya, ni ma tukunyata da suna." Ya ce, "Kai ai da ma ba ka da zuciya."

Likitan ya rubuta maganin da za a saya a kantin magani, ya ce shi aikinsa ƙirji ne ba takarda ba, kuma zai riƙa zuwa duk wata. Sayen maganin mutanenmu na Batha suka ɗauke, Allah ya saka musu. Ni kuwa Bamisiren ya mai da ni farko: allura wata biyu, ƙwaya iri huɗu maimakon biyu, shekarar da na fara ci ta tashi a banza. Kunnena na hagu tun allurar nan yake ƙugi, har yau. Ladan wayona ke nan.

Sai Harman ya kafa dokarsa. Kullum ƙarfe shida da rabi yana bakin gareji da kofin ruwa, ƙwayoyina a tafin hannunsa. In haɗiye, in buɗe baki, in ɗaga harshe ya leƙa. Ni, mai furfura a gemu, mai 'ya'ya shida, gaban Yamalawa suna dariya. Yana da wata kalma da yake faɗa, "yeden tak", wai kullum-kullum. Ko ranar Juma'a sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, Ilsa ce ta zo da kofin, ta tsaya ta ce in buɗe. Na buɗe. Me ya rage?

Bayan Harman ya mai do mini da mukulli sai ya nuna mini takardar hanyar tanka da ke manne a bango. Ya sake ta. Tsakanin famfon da nake ɗiban ruwa da wajen aiki ya ƙara layi ɗaya: Batha, bakwai da minti goma, tsayawa minti goma. Ya kai ofis an sa hannu, ya gaya musu gaskiya, mara lafiya ne za a duba. Ya ce, "Ni ina ganin bakinka. Kai ka ga nasa."

Wanda ya san tsakanin mutum da yayan matarsa ya san abin da aka ɗora mini. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa da hula a karkace ba, shi zan ce wa ɗaga harshe. Makon farko ina ba shi ƙwaya ina kallon bango. Sai na tsinci jar ƙwaya guda ya ɓoye a cikin gwangwanin maɓallai. Daga ranar na daina kallon bango.

A wata na huɗu Yaya ya yi ƙiba, ya fara cewa ya warke. Wata safiya na iso na tarar da shi da wani Bazabarme mai wanki, Yaya yana ƙirga masa ƙwayoyi a tafin hannu.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Bawan Allah ne ke tari. Ni na ji sauƙi. Ɗan kaɗan zan gutsura masa."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce, "Wallahi ba za ka gutsura ba! Mayar! Ɗaya bayan ɗaya, ina gani!" Lungu ya cika. Ni Idi, ina yi wa Yaya Haladu tsawa gaban masu barguna. Ya dube ni, ya dubi mutane, ya mai da ƙwayoyin cikin kwalba, ya haɗiye nasa na ranar, ya wangale baki har ina ganin dasashi.

"Duba da kyau, Bajamushe. Ko in cire maka haƙoran ka ƙirga?"

Daga nan sunan ya bi ni. Bazabarmen yana da iƙama, tsoron layi kawai yake yi. Washegari na kai shi asibiti na tsaya da shi har azahar, kuma da wani ya ce mu zagaya ta gefe, ni da bakina na ce akwai mutane gabanmu. Allah ya kyauta.

Watan jiya na haɗiye ƙwayata ta ƙarshe. Bamisiren ya ɗaga hoto ya ce tabon ya bushe. Na zaci Harman zai yi wata doguwar magana. Ya leƙa bakina, ya wanke kofin, ya miƙo hannu muka gaisa, ya ce, "Birkin baya yana ƙara, ka duba." Sai da na juya ya ce, "Idris. Yaya Hajara? Yaya yara?" Shekara biyar kafin ya tambaya, amma ya riƙe sunan daidai.

To, jama'a, abin da zan gaya muku kaɗan ne. Tarin da ya wuce mako uku ba ƙura ba ne, ku je a duba. Zuma ku sha, ba ta hana komai, amma ku je. In an ba ku maganin fuka ku shanye shi har ƙarshe ko da kun ji kamar ku yi dambe. Ku raba tuwo, ku raba goro, ku raba ɗaki. Wannan ƙwaya ba a raba ta. In ɗan'uwanka na tari, nema masa tasa kwalbar. Wanda kuma Allah ya haɗa shi zama da Jamusawa, kada ya jira "sannu" daga bakinsu, zai tsufa yana jira. Ya dubi abin da suka zo da shi a hannu. Gishiri dai ya tanadi nasa.

Yaya Haladu saura wata uku, don nasa ya fi nawa nisa. Har yanzu bakwai da minti goma ina ƙofarsa. Kwanaki ya yi wa Hajara kaset ya ba wani mai komawa gida, ina zaune ya ɗauka don in ji: "Hajara, mijinki ya lalace. Ba gaisuwa, ba kunya, sai agogo. Kullum sai ya leƙa mini baki kamar mai sayen akuya."

Amsar ta iso makon jiya. Muka kunna a shago, masu barguna duk sun kasa kunne. Ta gaida kowa, ta ba da labarin yara da na damina, sannan ta ce, "Yaya, na ji ƙararka. Ni dai ina da miji ɗaya da yaya ɗaya, kuma duka biyun nake so su dawo da ƙafafunsu. In ya zo gobe, ka buɗe bakin."

Yaya ya kashe rediyon ya ce duk mun haɗe masa kai. Da safe na iso saura minti biyu, na tarar ya riga ya ɗebo ruwa a kofinsa mai jan fenti, yana zaune yana jirana. Ya dubi agogon bango ya ce, "Yau ka yi sammako. Tsaya sai lokaci ya yi."

Muka tsaya, ni da shi, muna kallon agogo.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya, na kusa da na nesa, har da waɗanda ba su iya cewa sannu ba.